Yadda za ka kalli tsofaffin coci-cocin katako na Turai da idon ɗan Zariya

Ran nan wani ƙanena da ke karatun zanen gine-gine a Samaru ya turo min hoto a WhatsApp, wani gini ne baƙi ƙirin, rufi kan rufi kan rufi kamar an jera malafa, ga wasu kawuna kamar na dodo sun miƙo wuya daga saman rufin, ya ce "Yaya dan Allah wannan ginin gaske ne ko na fim?" Na ce masa na gaske ne, coci ne a wani ƙauye da ake kira Borgund a ƙasar Norwe, katako ne tun daga ƙasa har sama, kuma itatuwan da aka yi shi da su wajen 1180 aka sare su. Ya yi shiru, can sai ga saƙon murya, "Haba Yaya, katako shekara ɗari takwas? Mu da ƙyauren ɗakin Hajiya ko shekara goma bai yi ba gara ta gama da shi?"

Toh wannan tambayar tasa ita nake so kowa ya riƙe, domin da ita ake fara kallon tsohon gini. Yawancinmu in mun ga hoton irin wannan sai mu ce kai Turawa sun iya, mu danna mu wuce, alhali babu abin da muka gani. Ni kakana magini ne a cikin birni, tun ina ƙarami ina bin sa ina miƙa masa curin ƙasa in damina ta gabato ana yaɓe, daga baya karatu ya kai ni ƙasar Polan na yi shekara biyu, kuma wallahi abin da tsohon nan ya koya min a kan soro da shi na riƙa karanta gine-ginen can, ba da abin da na karanta a takarda ba. Duk ɗan Zariya da ya taɓa zama a tsohon zaure yana da rabin ilmin nan a kansa, bai dai sani ba ne.

Kafin wani ya ce me ya haɗa mu da coci, bari in faɗi nawa a fili. Ni Musulmi ne, kuma abin da nake kallo a nan aikin hannun kafinta da masassaƙi ne, yadda mutum ya ɗauki gatari ya yi abin da ya zarce jikokin jikokinsa. Maganar shiga ciki ko rashin shiga kowa ya tambayi malaminsa, akwai abin kallo mai yawa ko daga waje ka tsaya. 'Yan'uwanmu Kirista na Wusasa da Sabon Gari kuwa, ku wannan tarihin addininku ne ma kai tsaye. Kuma can gaba zan kawo maganar masallatan katako na Turai, eh akwai su.

Ka fara daga gida

Kar ka fara da Google. Ka shiga cikin birni ka sami tsohon zaure wanda ba a buga masa silin ba, ka yi sallama ka nemi izinin maigida, ka zauna a dakali ka ɗaga kai. Abin da za ka gani azara ce, wato gangar giginya da aka tsattsaga, an jera ta wani wurin a miƙe wani wurin a karkace kamar saƙar tabarma. Ka tambayi kanka me ya sa magini bai shimfiɗa azara ɗaya doguwa daga wannan bango zuwa wancan ba. Amsa ita ce in tazarar ta yi yawa azara za ta lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasar da ke kanta, shi ya sa in ana son ɗaki mai faɗi sai a yi baka, a riƙa ɗaura azara kan azara tana fitowa daga bango kaɗan-kaɗan har ɓangarorin biyu su haɗe a sama, a lulluɓe da ƙasa. In bakunan suka gitta juna a tsakiya shi ne ka ji ana cewa daurin guga. Wanda ya kai wannan sana'a ƙololuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a shekarun 1830. Ka nemi tsofaffin hotunan cikin masallacin nan ka ajiye a waya, za ka buƙace su in muka zo maganar manyan coci-cocin dutse.

Kakana yana da tambaya ɗaya da yake yi wa kowane gini kafin ya taɓa shi: ruwa ta ina yake bi? Sai ya duba indararo, ya duba gindin bango inda ruwa ke fallatsa, ya duba ko rufi ya yi kwari a tsakiya. Wannan tambayar ka ɗauka ka tafi da ita Turai. Su can arewacin Turai sanyi ya hana gara zama, wannan kam sa'a suka yi kuma shi ne rabin amsar ƙanena, amma suna da ruwan sama da dusar ƙanƙara da laima mai ruɓar da katako, sannan ga wuta. Kusan duk abin da za ka gani a jikin ginin, har wanda ka ɗauka ado ne, dabara ce ta kore ruwa.

Ƙafar gini kafin kansa

Ido yana son ya tafi sama wajen hasumiya, ka danne shi ka kalli ƙasa tukun. A Norwe coci-cocin farko ginshiƙansu a rami aka kafa su kamar yadda muke kafa dirkar rumfa, ƙasa ta jiƙa su suka ruɓe, shi ya sa babu ko ɗaya da ya rage a tsaye, sai dai ramukan da masu tono ke samu a ƙarƙashin na yanzu. Daga baya kafintocin suka canza, suka jera duwatsu, suka kwantar da manyan katakai huɗu a kansu kamar firam ɗin gado, sannan suka dasa ginshiƙai da allunan bango a cikin wannan firam ɗin. Katako bai taɓa ƙasa ba, iska na wucewa ta ƙarƙashi. Shi kenan fa, ɗan wannan canjin ne ya ba su ƙarnuka. An ƙiyasta sun gina sama da dubu irin wannan a zamanin da, yau 28 suka rage a Norwe. Da yawa ma ba ruɓewa suka yi ba, rushe su aka yi, musamman bayan wata doka ta 1851 da ta ce dole coci ya iya ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na mutanen yankinsa, su kuwa tsofaffin ƙanana ne, sai aka riƙa rushewa ana gina manya. Wannan labarin ai mun san shi, zaure nawa aka ture a cikin birni don a sa bulo da get ɗin mota?

In ka duba cocin Greensted a Ingila, wanda bangonsa gungumen itacen ok (oak) ne, wani itace mai ƙarfi na can, da aka tsaga biyu aka jera a tsaye tun ƙarni na 11, za ka ga a kan ɗan ginin jan bulo suke zaune. Wannan bulon ba na asali ba ne, a ƙarni na 19 aka ga gindin itatuwan ya ruɓe aka yanke aka ɗora su a kai. Kaga tun daga ƙafa gini ya fara ba ka labarin ciwon da ya yi da maganin da aka yi masa.

Tsaye, kwance ko ƙwarangwal

Abu na biyu, ka gane wane irin haɗi ne, kuma kusan iri uku ne kawai. Akwai na tsaye, irin na Norwe da na faɗa, ginshiƙai ne ke ɗauke da nauyi, allunan bango a tsaye. Akwai na kwance, gungume kan gungume, a kowace kusurwa an fafe ɗaya ya hau kan ɗaya sun kulle juna, wannan shi ne na Rasha da Finlan da tsaunukan Romaniya da kudancin Polan. Sai na ƙwarangwal, a haɗa firam na katako a cike tsakaninsa da laka da ciyawa a shafa farar ƙasa, daga nesa ka ga farin bango da baƙaƙen layuka, wannan ya fi yawa a Jamus da Ingila da yammacin Polan. In ka iya bambanta ukun nan a hoto, wallahi ka wuce yawancin 'yan yawon buɗe ido da suka biya kuɗin jirgi.

Ka zuƙo hoton kusurwa sosai. A nan ake gane gwani, kamar yadda ake gane tela a wuyan riga. Ka nemi ƙusar katako, wato ɗan turken da ake bugawa a huda ya riƙe haɗi, katako da katako suna kumbura tare suna motsewa tare, ƙusar ƙarfe kuwa tsatsa take yi ta ci wurin da ke kewaye da ita. Ka nemi sawun gatari a jikin itacen, wani ɗan tudu da kwari kamar jikin turmin da aka sassaƙa da gizago. Kafintocin arewacin Rasha sun fi son gatari a kan zarto saboda gatari yana danne bakin jijiyar itace ruwa bai shiga da sauƙi, zarto kuwa yagawa yake yi ya bar ta a buɗe. Ka je layin 'yan katako a Sabon Gari ka taɓa bakin katakon da inji ya yanka ka ji yadda yake da gashi-gashi, za ka gane abin da suke gudu.

Wanda ya kamata ka nema a wannan fannin shi ne Kizhi, wani tsibiri a tafkin Onega a Rasha. Babban cocin wurin na 1714 ne, tsawonsa mita 37, ƙubbobi 22 kamar an jera albasa hawa-hawa. Za ka ji ana ta yaɗa cewa babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, gaskiyar ita ce gangar jikin ce aka haɗa ba ƙusa, amma ƙananan allunan da aka lulluɓe ƙubbobin da su da ƙusa aka kafe su. Ni wannan bai rage masa komai a idona ba. Wani abin da ya burge ni kuma, coci biyu ne a wurin kusa da juna, babban na lokacin zafi ne ba a hura masa wuta, ƙaramin mai ƙubba 9 shi ake ɗumamawa a shiga lokacin sanyi, kamar dai yadda tsofaffinmu ke kwana a tsakar gida da bazara su koma ɗaki mai murhu da hunturu.

Rufi da baƙin da ke jikinsa

Yanzu ka ɗaga kai. Rufinmu na soro a shimfiɗe yake saboda ruwanmu na 'yan watanni ne kuma rana na busarwa nan da nan, nasu kuwa a tsaye yake kamar jinka don dusar ƙanƙara ta zame kar ta taru ta karya shi. Hawa-hawan da ƙanena ya gani a Borgund kowane ɗaya yana kare bangon da ke ƙarƙashinsa, na ƙasan ma wata 'yar baranda ce mai rufi da ta zagaye ginin gaba ɗaya, ruwa ya bugi baranda ya bar ainihin bangon. In baranda ta lalace a canza ta da sauƙi. An rufe komai da ƙananan alluna masu tsini ɗaya kan ɗaya kamar ɓawon kifi.

Baƙin nan kuma ba fenti ba ne ba kuma hayaƙi ba, kwalta ce ta itace. Suna tara saiwoyi da kututturen itacen fayin, wani itace mai ganye kamar allura mai yawan ƙaro, su rufe su ƙona a hankali ba iska sosai, wani baƙin ruwa mai kauri ya tsatso, shi ake shafa wa ginin duk bayan 'yan shekaru. Toh wannan ai makubarmu ce. Mu muna jiƙa ɓawon ɗorawa mu haɗa da ƙasa mu shafe bango ruwa ya zame, wasu su yi da katsin marina, su kuma kwalta. Kuma a nan ne sauran rabin amsar ƙanena take. Ba wai katakon ne ba ya mutuwa ba, a'a, shekara ɗari takwas ana samun wanda zai hau tsani da bokiti, uba ya mutu ɗa ya hau. Ranar da aka daina, ginin ya fara tafiya. Mu Zazzagawa ba sai an yi mana dogon bayani ba, ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 wani sashe na babban masallacinmu ya rufto kan mutane suna sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. Tun ranar in na ga tsohon gini ko a hoto ne sai na nemi inda ya tsage kafin in nemi inda ya yi kyau.

Ƙofa da abin da ke ciki

Bahaushe a fuskar zaure yake zuba adonsa, su ma a bakin ƙofa. Ka nemi Urnes, shi ma a Norwe, an gina shi wajen 1130, UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilmi da al'adu, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. A bangonsa na arewa akwai wata ƙofa da ta girmi ginin kansa, daga cocin da ya riga shi a wurin aka ciro ta aka sake amfani da ita. An sassaƙa wata dabba siririya mai dogayen ƙafafu tana cizon maciji, jikinsu ya zama igiyoyi suna shiga juna suna fita. Ka sa ɗan yatsa a fuskar wayarka ka bi igiya ɗaya daga kai har wutsiya, ba za ta ɓace maka ba in ka yi haƙuri, kuma za ka ji kamar kana bin zaren dagi a jikin babbar riga. Mutanen nan jikokin Vikings ne, wato mayaƙan arewacin Turai na da masu jiragen ruwa, ba su daɗe da karɓar Kiristanci ba, waɗancan kawunan dodon na saman rufi ma kama suke da waɗanda kakanninsu ke sassaƙawa a goshin jirgi.

A ciki abu biyu za ka lura. Na farko haske, tsofaffin na Norwe duhu ne da su, 'yan ƙananan huji ne kawai can sama kamar tagar tsohon soro. Na biyu fuskar ginin, tsofaffin coci-coci galibi bagadinsu gabas yake kallo, ƙofar shiga a yamma, saboda haka ko a taswira za ka iya gane kai da ƙafa. In ka ga wani bango na katako cike da zanen mutane ya raba gaba da inda jama'a ke tsayawa, na 'yan Otodoks ne, wato Kiristocin gabashin Turai irin na Rasha da Romaniya da makamantansu. In ka ga mumbari ya fito fili sosai ga benaye na zama sun zagaye ciki, galibi na Furotesta ne, Kiristocin da suka ɓalle daga Katolika, su wa'azi ne babban abu a wurinsu, so suke kowa ya ji.

Me ya sa katako, ba dutse ba?

Wannan tambayar kar ka tsallake ta, don wani lokaci amsar daji ce kawai, itace ya yi yawa dutse na da wuyar aiki, amma wani lokaci amsar siyasa ce. Wanda na gani da idona kuma har yau yake raina shi ne na garin Świdnica a Polan. Bayan yaƙin shekara 30 da Katolika da Furotesta suka gwabza daga 1618 zuwa 1648, sarkin daular Habsbag mai mulkin yankin a lokacin, wanda ɗan Katolika ne, ya yarda mabiya Luta, wani reshe na Furotesta, na yankin su gina coci uku kacal, amma da sharuɗɗa: a bayan ganuwar gari, babu dutse babu bulo sai katako da laka da ciyawa, babu hasumiya, kuma a gama cikin shekara ɗaya. Kowa ya san manufar, a ba su abin da ba zai daɗe ba. Suka karɓa a haka. Na Świdnica aka gina shi 1656 zuwa 1657, yana ɗaukar mutum 7,500, kuma yana nan tsaye har gobe, shi da ɗan'uwansa na garin Jawor, na ukun ne kawai gobara ta ci a 1758.

Daga waje sai ka ce wani katon sito ne, farin bango da baƙin firam. Ina shiga sai da na tsaya cak, benaye hawa-hawa ko'ina zane da ruwan zinare, ginshiƙan da na rantse dutsen marmara ne ashe katako ne aka yi wa fenti. Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne da na fito na tsaya kusa da bangon na tuna abin da ke cikinsa, laka da ciyawa, abin da kakana ke takawa da ƙafa a ƙofar gida, wanda yau yaranmu ke jin kunyar a ce gidansu na ƙasa ne. Ga shi a tsakiyar Turai mutane na biyan kuɗi su shiga su kalla.

Sai masallatan da na yi alkawari. A gabashin Polan kusa da iyakar Belarus akwai ƙauyuka biyu, Kruszyniany da Bohoniki, inda Musulmi 'yan ƙabilar Tatar suke tun 1679 da Sarki Jan Sobieski ya ba sojojinsu filaye. Masallatansu na katako ne, na Kruszyniany kore ne da 'yan hasumiyoyi, in ba ka ga jinjirin wata a sama ba za ka ɗauka ƙaramin cocin ƙauye ne, domin salon ginin yankin ne aka bi. A ciki ga mihrabi ga mumbari ga darduma ga sashen mata, a kusa kuma ga maƙabartarsu da rubutun Larabci a kan duwatsu. Ka kwatanta da cocin St. Bartholomew na Wusasa da aka gina a 1929 da ƙasa, da salon gininmu na Hausa. Can masallaci ya sa rigar ƙasar da yake, nan coci ya sa tamu. In kana Zariya ba ka taɓa zuwa ka gan shi ba, kuɗin keke napep ne kawai tsakaninku.

Manyan na dutse, a taƙaice

Ba zan daɗe a nan ba don su labarinsu ya cika intanet. In ka ga baka zagayayye, bango mai kauri, ƙananan tagogi, tsohon salo ne na ƙarni na 11 da na 12. In ka ga baka mai tsini, dogayen tagogi masu gilashi kala-kala, ga wasu hannuwan dutse sun tokare bangon daga waje, shi ne Gotik, wanda ya fara a kusa da Faris wajen 1140. Ka buɗe hoton silin ɗin irin wannan ka ajiye kusa da hoton masallacin Babban Gwani da na ce ka nema, haƙarƙarin da ke gittawa a sama yana kai nauyi kan ginshiƙai, matsala ɗaya ce mutum biyu suka warware, ɗaya da dutse ɗaya da azara da ƙasa. Kuma ko waɗannan na dutsen akwai katako a ɓoye a saman silin ɗinsu. Notre-Dame ta Faris da aka fara ginawa a 1163 rufinta na itacen ok ne mai yawan da har daji suke kiran sa, shi ne wuta ta cinye ranar 15 ga Afrilun 2019. Da za a mayar, kafintoci da gatari suka feƙe katakan da hannu irin na da, aka sake buɗe ta a Disambar 2024. Ka nemi bidiyon aikin a YouTube, in kai kafinta ne sai ka kalla sau biyu.

Wannan ya kawo tambayar da ya kamata ka yi wa kowane gini: nawa ne na asali a jikinsa? Akwai wani coci a Fantoft kusa da Bagen a Norwe da yake yawo a hotuna, kyakkyawa, amma wani ne ya cinna masa wuta a 1992 ya ƙone ƙurmus, wanda ke wurin yanzu sabo ne aka kwaikwaya. Shi kansa Kizhi an ɗaga shi da ƙarafa an riƙa zare gungumen da suka ruɓe hawa-hawa ana mayar da sababbi. Ni ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba in dai an faɗa, ai soronmu ma ƙasar da ke kansa yau ba ita ce ta zamanin kakanni ba. Shekarun kuwa ba ƙiyasi ake yi da ka ba, zoben da ke cikin itace ake ƙirgawa, kowace shekara zobe ɗaya, a gwada da na sauran itatuwan yankin har a gano shekarar da aka sare shi.

In za ka kalla, ko a waya ko da ƙafa

Yawancinmu a waya za mu gani, kuma ba laifi. Ka rubuta sunayen nan yadda na rubuta su a Google Maps, ka fara da kallon sama ka ga inda ginin yake, bakin ruwa ne ko kan tudu, cikin gari ko bayan gari. Sannan ka shiga hotunan da mutane suka ɗora, ka bar waɗanda aka ƙawata da faɗuwar rana, ka nemi na kusa-kusa, kusurwa, gindi, ƙofa. Gini ɗaya a zama ɗaya ya isa, in ka bi goma a jere duk za su cakuɗe maka kuma data ta tafi a banza. Ka ɗauki biro da takarda ka zana abin da ka gani ko ba ka iya zane ba, domin sai ka zo zanawa za ka gane ba ka san rufin hawa nawa ba ne, dole ka koma ka ƙirga.

In kuwa Allah ya kai ka can, karatu ko aiki, ka sani na Norwe da yawa lokacin zafinsu kawai ake buɗewa kuma ana biyan kuɗin shiga, ka bincika kafin ka kama hanya. Ka zagaya ginin ta waje sau ɗaya a hankali kafin komai. Ka shaƙi ƙamshin kwaltar nan, hoto ba ya kawo shi. Kar ka taɓa sassaƙa ko zane, maiƙon hannu na ɓata su, kar ka kunna filashin kyamara, sigari kuwa ko kusa. A coci maza cire hula suke yi ba takalmi ba, akasin namu, a na Otodoks mata na rufe kai, in ana ibada ka dakata a waje har a gama. A masallacin Tatar kuwa kamar gida ne, ka cire takalmi ka yi sallama.

Shi ƙanen nawa na ce masa ya ajiye Borgund tukun ya shiga birni. Ran Asabar ya je wani tsohon zaure wajen Kwarbai na wani abokin Baba, ya turo min hotuna sama da goma, a ɗaya ya zagaye wani wuri da jan layi inda azara uku suka yi baƙi kusa da bango, ya hau sama ya tarar indararon wajen ya toshe da ƙasa da ganyen darbejiya. Ya gaya wa maigidan, tsohon ya ce a nemo magini kafin ruwan farko ya sauka, yanzu haka muna cigiyar wanda har yanzu yake aikin azara, in akwai wanda ya san wani a cikin birni ko Tudun Wada dan Allah ya yi min magana.